Gari ya yi daɗi, raina na kan keke: in ce wa oga ba ni da lafiya?

Wani ɗan'uwa ne ya turo min wannan saƙon, na ɗan taƙaita shi:

"Yaya barka da ƙoƙari. Ni ma'aikacin ofis ne, shekarata 34, ina da mata da yara biyu. Tun ina saurayi nake son keke, bara na tara kuɗi na sayi mai kyau mai giya amma yanzu yana nan jingine sai ƙura yake sha. Ranakun aiki in na fita da sassafe sai bayan faɗuwar rana nake dawowa, ƙarshen mako kuma hidimar gida da ta 'yan'uwa. Kwanakin nan garin ya yi wani irin daɗi, ba zafi ba sanyi, iska na kaɗawa a hankali, ni kuma ina gaban kwamfuta ina leƙen taga raina duk a jagule. Ina da kwanakin hutun shekara da ban taɓa ba, amma kunya nake ji in ce wa oga ina son hutu don in hau keke, gani nake zai raina ni. Wani abokin aikina ya ce in kira kawai in ce zazzaɓi nake yi, wai kowa haka yake yi. Matata kuma ta ce babba da ni zan bar aiki in tafi yawon keke kamar yaro, in dai hutun zan ɗauka toh in zauna a gida in kama mata aiki. Don Allah ya zan yi?"

Toh ƙanena, sannu da haƙuri. Bari in fara da amsar kai tsaye kafin mu shiga dogon zance: ka ɗauki hutun, ka hau kekenka, kuma ka yi shi kwanan nan kafin yanayin ya juya. Amma daga cikin kwanakin hutunka na shekara za ka cire, a fili, da sanin oga, da sanin uwargida. Maganar zazzaɓin ƙarya kam ka ajiye ta can, ko kusa da ita kar ka je.

Na san abokin naka ba mugunta ce ta sa shi faɗa maka haka ba, so yake ka samu sauƙi, amma bai hango maka nesa ba. Keke fa ba a ɗaki ake hawansa ba. In mutum ya yi ƙaryar ciwo ya kwanta a gida yana kallon talabijin wataƙila ya sha, kai kuma titi za ka hau da rana tsaka, awa uku awa huɗu kana kan hanya kowa na ganinka, direban ofishinku zai iya wuce ka, matar oga za ta iya wuce ka, kwastoman da ya san fuskarka zai iya ɗaga maka hannu gobe ya shigo ofis yana ba da labari da zuciya ɗaya. Sannan ga waya. Duk mai son keke na san halinsa, ba ya iya kaiwa wani wuri mai kyau bai ɗau hoto ba, sai ka ga hannu ya kai kan sitatus na WhatsApp kafin ƙwaƙwalwa ta tuna cewa yau "ba ka da lafiya". In kuma kana amfani da manhajar Strava ko makamanciyarta toh ita ba ta san rufin asiri ba, za ta rubuta ƙarfe nawa ka fita, kilomita nawa ka yi, ta ina ka bi, ta nuna wa duk mai bin ka. Washegari kuma ka shigo ofis rana ta gasa maka hannu da goshi, ana maka ya jiki kana amsawa da sauƙi kana sunkuyar da kai. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na mai keke ma ya fi na kowa ƙurewa.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai ma ba kamun ba ne. Ka ƙaddara, Allah ya kiyaye, taya ta zame a kan yashi ka faɗi ka dafa ƙasa da hannu, wuyan hannu ya tsage ko ƙashin kafaɗa ya karye, waɗannan su ne irin raunin da masu keke suka fi samu. Yanzu kana buƙatar hutun rashin lafiya na gaske, ba na kwana ɗaya ba, na makonni, kuma takardar asibiti za ta fito da kwanan wata da bayanin cewa faɗuwa ka yi a keke, a ranar da ka ce zazzaɓi ya kwantar da kai. Me za ka ce? A wuraren aiki da yawa ƙaryar rashin lafiya ba ƙaramin laifi ba ne, tana jawo takardar tuhuma, wani wurin har kora. Ko ba a kore ka ba ma ka zubar da abu mai tsada, ranar da yaronka zai kwana da zazzaɓi na gaske ka kira ka ce ba za ka samu zuwa ba, wanda ya ɗauki wayar zai yi shiru na daƙiƙa biyu kafin ya ce Allah ya sauwaƙe, kuma kai za ka san ma'anar shirun. Ga kuma haƙƙi, an biya ka kuɗin ranar ne bisa yarda cewa ciwo ya hana ka zuwa, wani ya ɗau aikinka yana tausaya maka. Wannan ba abin da zan ce ka ɗora wa kanka ba ne saboda awa huɗu a kan sirdi.

Kuma wallahi ko hawan ba za ka ji daɗinsa ba. Duk ƙarar da waya ta yi gabanka zai faɗi, duk motar da ta rage gudu a bayanka sai ka waiga. Abin da ka fita nema shi ne sakewa, ka ga kuwa ba a sakewa da ƙarya a aljihu.

Yanzu mu zo kan kunyar nan da kake ji, don ina ganin ita ce asalin matsalar, ita ce ma ta buɗe wa shawarar abokinka ƙofa. Kana da kwanaki a rubuce da sunanka ba ka taɓa ba, amma ka gwammace ka yi tunanin ƙarya a kan ka nemi abinka. Me ya kawo haka? Da yawanmu mun taso da tunanin cewa ba a barin aiki sai da babban dalili, sai an yi rasuwa, sai ciwo ya kwantar da mutum, sai wata hidima da ba makawa. In ba ɗaya daga cikin waɗannan sai mutum ya ji kamar sata yake yi. Alhali hutun shekara ba kyauta ba ne oga yake ba ka don ya ji tausayinka, yana cikin ladan aikinka, kamar yadda albashi yake. Ka taɓa jin kunyar karɓar albashinka? Ka taɓa zuwa ka yi wa akanta bayanin abin da za ka saya da shi kafin ya tura maka? Toh haka kwanakin nan suke.

Kuma ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Tun 1948 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwar haƙƙoƙin ɗan'adam, sashe na 24 ya ce kowa yana da haƙƙin hutawa da shaƙatawa, har da taƙaita awannin aiki da kuma hutu lokaci-lokaci tare da biya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1936 ta yi yarjejeniya a kan hutun shekara mai albashi, a lokacin kwana 6 na aiki ne mafi ƙaranci, sai a 1970 aka sabunta da yarjejeniya mai lamba 132 wadda ta kai shi mako uku na aiki a duk shekara ɗaya da mutum ya yi yana aiki. Har ma ta ce duk wata yarjejeniyar da za a yi ma'aikaci ya yafe wannan mafi ƙarancin hutun ko a ba shi kuɗi a madadinsa, ba ta da inganci. Ba kowace ƙasa ce ta sa hannu a kanta ba, adadin kwanaki ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa da kamfani zuwa kamfani, don haka ka ɗauko takardar ɗaukarka aiki da littafin dokokin ma'aikata ka karanta da kanka, ka ga kwana nawa gare ka, kwana nawa ake so ka sanar kafin ka tafi, ana yarda da rabin yini ko ba a yarda, sannan in shekara ta ƙare ba ka ci ba ana ɗaga maka su ko ƙonewa suke yi. Wannan na ƙarshen ka duba shi da kyau, mutane da yawa kwanakinsu na ƙonewa duk shekara ba su ma sani ba.

Abin da zan so ka riƙe a cikin waccan yarjejeniyar ta 1970 shi ne, ta ce mai ba da aiki ne yake tsayar da lokacin hutun bayan ya tuntuɓi ma'aikaci, ana duba buƙatar aiki ana kuma duba damar da ma'aikacin zai samu ya huta. Ka ga ke nan abin da ke hannun oga shi ne yaushe. Me za ka yi da ranar kuma naka ne. Kai ka haɗa biyun wuri ɗaya shi ya sa abin ya yi maka nauyi, kana ta shirya yadda za ka kare keke a gaban oga alhali shi abin da ya dame shi wa zai riƙe teburinka ranar, kuma rahoton da yake jira zai fito a kan lokaci ko ba zai fito ba.

Akwai wata kalma a saƙonka da ban so in wuce ta, ka ce kana leƙen taga ranka a jagule. Ni ba likita ba ce kuma ba zan ɗora maka wani ciwo daga saƙo ɗaya ba, amma ka ɗan zauna ka lissafa awa nawa kake yi a mako, daga fita da sassafe zuwa bayan faɗuwar rana. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago suka fitar da wani bincike na haɗin gwiwa, suka ce yin aiki awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, da haɗarin mutuwa ta ciwon toshewar jijiyoyin zuciya da kashi 17 cikin ɗari, in aka kwatanta da masu yin awa 35 zuwa 40. Sun ƙiyasta cewa a 2016 kaɗai mutum 745,000 ne suka mutu ta wannan hanyar. Sannan tun 2019 hukumar lafiyar ta sa matsananciyar gajiyar aiki a cikin kundinta a matsayin matsala da ke tasowa daga wurin aiki, alamominta uku: ƙarfi ya ƙare, mutum ya ji aikin ya fita daga ransa har yana jin haushinsa, sannan ƙwazonsa ya ragu. In ka ga kanka a ciki toh son keken nan da ya taso maka ba shiririta ba ce, jiki magayi, shi yake faɗa maka yana son iska da motsi. In kuma abin ya kai ga rashin barci ko baƙin ciki da ba ya tafiya, ka ga likita, keke kaɗai ba zai isa ba.

Kuma keke na da wani abu da zaman gida ba shi da shi. Wata farfesa 'yar Jamus, Sabine Sonnentag, ta daɗe tana bincike a kan yadda ma'aikaci yake farfaɗowa daga gajiya, kuma babban abin da ta nuna shi ne ba barin ofis kawai ake buƙata ba, sai hankali ma ya bar ofis. Mutum zai iya kwanciya a kujera yini guda amma kansa na kan imel, yana duba waya duk minti goma, yamma ta yi ya tashi a gajiye kamar ya je aikin. A kan keke kuwa hannunka biyu na riƙe, idonka na kan rami da kwana da motar da ke tahowa, numfashinka na hawa yana sauka, ba inda tunanin mitin zai samu ya zauna. Bayan minti talatin ko arba'in za ka ji kafaɗunka sun sauko da kansu. Binciken da aka yi a kan hutu ma ya nuna daɗin dogon hutu ba ya daɗewa, cikin 'yan makonni da komawa aiki mutum ya koma yadda yake, shi ya sa ɗan hutu nan da can a cikin shekara yake da amfani. Sai dai kar ka yayyanka kwanakin duka ɗaya-ɗaya, ka bar wani kaso mai tsawo a haɗe don kai da iyali.

Toh ya za ka nemi hutun? Nan ne ɗan wahalar take, don yanayi ba ya jiran fom, ofis kuma ba ya son a tashe shi da safe a ce yau ba na zuwa. Amma akwai tsakiya. Hukumar kula da yanayi ta Amurka ta ce hasashen kwana 5 yakan yi daidai kusan kashi 90 cikin ɗari, na kwana 7 kusan kashi 80, na kwana 10 ko fiye kuma kusan rabi ne kawai. Ma'ana in ka zaɓi rana wata guda kafin lokaci caca ka yi, amma kwana huɗu ko biyar kafin ranar za ka iya dogara da abin da wayarka ta nuna. Don haka tun gobe ka samu oga lokacin da ba ya cikin hayaniya, ka ce masa: "Ranka ya daɗe, ina da kwanakin hutu da ban taɓa ba, ina so in ɗau kwana ɗaya ko biyu a cikin mako biyu masu zuwa. Wace rana ce ba za ta takura aiki ba? In ka ba ni zaɓi zan tabbatar maka kwana huɗu kafin nan, kuma wane ya yarda zai riƙe min abin da ya taso." Shikenan. Ka lura ba keke a ciki, ba kuma ƙarya a ciki.

Kafin ka je ka tabbata ka riga ka yi magana da wanda zai riƙe maka, kuma ka yi masa alkawarin ramawa ranar da shi ma zai buƙata, ka kuma cika. Ka guji ƙarshen wata in aikinku na lissafi ne, ka guji ranar babban mitin, ka guji ranar da rabin ofis ba sa nan. Talata, Laraba ko Alhamis sun fi sauƙin samu, don kowa Juma'a da Litinin yake rububi, kuma in cunkoson safe ya wuce hanyoyin bayan gari sukan yi shiru a tsakiyar mako. Ka gama abin da ke kan teburinka kwana ɗaya kafin nan, ka rubuta 'yar takarda ta inda kowane aiki ya tsaya da inda fayil yake, ka sa imel ɗinka ya riƙa ba da amsa cewa ba ka nan sai gobe. In ofishinku na yarda da rabin yini ma toh ka samu garaɓasa, ka fita da sanyin safiya ka yi awa uku ka yi wanka ka shiga ofis da rana, kwana ɗaya ya zama hawa biyu.

In ya tambaye ka me za ka yi fa? Kana iya cewa hutawa zan yi, ka tsaya nan, gaskiya ce. In kuma kuna da fahimta ka faɗa masa kai tsaye, kana murmushi, ba tare da rawar murya ba: keke zan hau, na ga gari ya yi kyau. Ni a ganina mutumin da ya zo da shirinsa, ya gama aikinsa, ya samo mai riƙe masa, ya faɗi gaskiya, ba ya cikin waɗanda ake rainawa. Wanda ake rainawa shi ne mai ciwon da ba ya kama shi sai ranar da rana ta yi kyau, kuma manajoji sun fi ma'aikata lura da wannan, shiru kawai suke yi. In ya ce wannan makon ba zai yiwu ba kar ka ɓata rai, ka ce toh wace rana ce za ta yiwu, ka sa ya faɗi rana da bakinsa, ka koma ka cike fom ko ka tura imel don ya zama a rubuce.

Sai uwargida. Nan zan ɗan ja maka kunne, don na ga kamar a saƙonka ka ɗauki maganarta a matsayin cikas ne kawai. Maganar tata kashi biyu ce. Ta farko "kamar yaro", wannan kam ban yarda da ita ba, keke ba na yara kaɗai ba ne, a Holan kekuna sun fi mutanen ƙasar yawa, tsohon firaministansu Mark Rutte ma lokacin da yake kan mulki yakan je ofis a keke, kuma tun 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya. Amma don Allah kar ka je ka jera mata waɗannan kamar kana muhawara, ba za ka ci riba ba, don ba nan ciwon yake ba. Ciwon na cikin kashi na biyu, "ka zauna ka kama min aiki". Matar da ke da yara biyu, mijinta na fita da duhu ya dawo da duhu, ƙarshen mako kuma yana hidimar dangi, ranar farko da ya samu sarari sai ta ji ba ita ya tuna ba, keke ya tuna. Ka sa kanka a matsayinta. Ita yaushe rabonta da awa huɗu nata na kanta, ba mai kiran sunanta? Ita ba ta da fom ɗin da za ta cike.

Don haka kar ka nemi izini kamar mai laifi, kar kuma ka yi gaban kanka ka fice. Ka zaunar da ita bayan yara sun yi barci ka ce mata ka gaji, gajiya ta gaske, kuma wannan ne abin da yake sauke maka ita, sannan ka tambaye ta ita me take so. Ka nemi kwana biyu a ofis in zai yiwu, ɗaya naka ɗaya nata, ranar tata kai ne da yara da duk abin da gida ya ƙunsa, ita ta je inda take so ko ta rufe ƙofa ta yi barci. In kwana ɗaya kawai ka samu ku raba shi, kai za ka shirya yara ka kai su makaranta, daga nan ka wuce, ka ce mata ƙarfe ɗaya ina gida kuma ƙarfe ɗayan ta same ka a gida, yammar kuma tata ce. Abin da zai sa ta yarda da hawa na biyu da na uku shi ne yadda ka dawo daga na farko. In ka dawo ka zube a kujera kana nishi kana jira a kawo maka ruwa har dare, toh ka tabbatar mata da zarginta. In ka dawo fuska a sake ka ɗau ƙaramin ka shiga wanka da shi, ita da kanta za ta fara ce maka yaushe za ka sake fita.

Wannan ya kawo mu kan hawan kansa, don keken da ya yi watanni a jingine da jikin da ya yi watanni a kujera duk ba a yi musu gaggawa. Kar ka bari sai safiyar ranar ka duba keken, za ka cinye rabin hutun wajen mai gyara. Kwana biyu kafin nan ka fito da shi ka goge, ka duba gefen taya akwai lambobin iskar da take ɗauka a rubuce, ka buga mata daidai, ka bar shi ya kwana, in da safe ta sauka toh akwai huji sai a yi faci ko a canza tub. Ka matse burkin gaba ka tura keken, ka matse na baya ka tura, in hannun burkin na taɓa kan keken kafin ya kama yana son ɗauri, in robar ta cinye a canza. Ka ɗiga wa sarƙa mai kana juya feda baya, ka goge wanda ya yi yawa da tsumma don kar ya kwashi ƙasa. Ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya ka ji ko akwai mai tsalle. Sirdi kuma ka hau ka ɗora dunduniyarka a kan feda tana can ƙasa, in ƙafar ta miƙe sak tsayin ya yi, don in ka mayar da gaban tafin ƙafa gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, haka ake so. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa.

Ranar farko kar ka auna da kilomita, ka auna da lokaci. Awa biyu zuwa uku da tsaye-tsaye sun ishe ka, da gudun da za ka iya magana ba ka haki. Ka duba ta ina iska ke busowa ka fara tafiya kana fuskantarta lokacin da ƙarfinka yake cike, in ka juyo sai ta riƙa tura ka gida. Masu sabon zumuɗi akasin haka suke yi, iska na bayansu suna jin kamar tashi za su yi, su yi nisa, sai sun juyo su gane ba ƙarfinsu ba ne, ga gajiya ga iska a ƙirji ga gida ya yi nisa. Ka ɗau ruwa isasshe, kamar gora ɗaya ta rabin lita ko fiye a duk awa, kana kurɓa tun kafin ƙishi ya kama ka, iska mai daɗi tana busar da gumi sai mutum ya zaci ba ya zufa. Ka ci abinci kafin ka fita kuma ka sa ɗan abin ci a aljihu, don bayan kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu ana murza feda sukarin da jiki ya ajiye yakan yi ƙasa, sai ka ji ƙafa ta mutu lokaci ɗaya, jiri na ɗibarka. Rana kuma ta fi ƙuna tsakanin ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ko da akwai ɗan gajimare, shi ya sa fitar sassafe ta fi. In hadari ya haɗo ka ji tsawa ka nemi gini ka fake, ba ƙarƙashin bishiya ba, ka jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Hular kwano ba a muhawara a kanta, ka sa ka ɗaure igiyar. Riga mai haske, famfo ƙarami, tub na ko-ta-kwana, katin shaida, waya cike da caji. Ka faɗa wa uwargida hanyar da za ka bi ko ka tura mata inda kake ta waya, wannan kaɗai zai rage mata rabin damuwa. Amma sanarwar imel da guruf ɗin ofis ka kashe su, kiranta kawai ka bari ya shigo. In kana da hawan jini ko ciwon suga ko ka taɓa jin ciwon ƙirji in ka yi aikin ƙarfi, ka ga likita kafin ranar, in kuma a kan hanya ka ji ƙirji ya ɗaure ko numfashi ya sarƙe ka sauka nan take ka nemi taimako.

Abu ɗaya da nake tsoro shi ne ka yi wannan rana ɗaya, ka ji daɗi, ka mayar da keken inda yake ya ci gaba da shan ƙura sai baɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ka ga hutun shekara ba zai iya ɗaukar wannan ba ko kwana nawa gare ka. Minti 40 da sassafe sau biyu a mako, da awa ɗaya da rabi ranar da ba aiki kafin gida ya tashi, ka riga ka haye 150. In kuma ofis ba shi da nisa sosai kuma hanyar ba ta da haɗari, ka gwada zuwa aiki a keken ko sau ɗaya a mako. Wani bincike na jami'ar Glasgow da aka buga a 2017, wanda ya bi sama da mutum 260,000 a Birtaniya na kimanin shekara 5, ya samu cewa masu zuwa aiki a keke haɗarin mutuwarsu a tsawon lokacin ya yi ƙasa da kashi 41 cikin ɗari a kan masu zuwa a mota ko bas. Irin wannan binciken alaƙa yake nunawa, ba ya tabbatar da cewa keken kaɗai ne sanadi, amma dai ya isa ya sa mutum ya duba ko akwai inda zai ɗaure keke a wurin aikinsu.

In ka nema oga ya ce ba yanzu ba, ka sake nema ya sake cewa ba yanzu ba, har sau uku ba tare da ya ba ka wata rana ba, toh maganar ta tashi daga ta keke ta koma ta haƙƙinka na ma'aikaci. Ka ajiye kwafin duk abin da ka tura da amsar da aka ba ka, ka kai wa sashen kula da ma'aikata ko wakilin ƙungiyarku in kuna da ita, cikin ladabi ba da faɗa ba. In ta kai ga haka ka sake rubuto min tare da abin da takardar aikinka ta ce a kan hutu, sai mu duba matakin gaba tare. Ka gaida uwargida da yara.